Haƙƙin Maƙwabci A Cikin Rumbunka: Nasiha Ga 'Ya'yan Baudeta

 Ya kai ɗana, ke ma 'yata, ku da kuka tashi a Baudeta da garuruwan da ke kewaye da ita, tun daga ƙasar Tasawa har zuwa Mayahi, ku kasa kunne. Maganar hatsi zan yi muku, kuma maganar addini ce.

Wa'azi ya yawaita a zamaninku. Yana cikin rediyo, yana cikin wayar hannu, ga masallatai sun ƙaru a kowace unguwa, alhamdu lillahi. Sai dai wanda yake son ya auna addinin wani gari, ƙidayar masallatai ba za ta ishe shi ba. Ya zo tsakiyar damina, cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga noma ya tsananta. Ya zauna ya ga yadda mai dami ɗari yake yi da wanda ba shi da tiya guda. A nan ake gane ko mutanen gari jama'a ne, ko kuwa gidaje ne kawai da darni ya haɗa.

Malamai sun riga mu faɗin wannan, kuma a ƙasar nan tamu suka rubuta shi. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, wadda yau take cikin jihar Tawa, ya kuma bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman ilimi. Mutanen da suka taru gare shi a Degel, Jama'a suke kiran kansu. Da shi, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u, sun bar littattafai da waƙoƙi masu yawan gaske, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wanda ya karanta su zai ga abu biyu suna tafiya tare: gyaran ibada, da haƙƙin talaka.

Na san abin da wani zai ce. Kakanninmu na Katsinar Maraɗi da Tasawa, da Gobirawan Tsibiri, takobi ne tsakaninsu da Sakkwato, daular su Shehu, shekara da shekaru. Haka ne. Bayan Katsina ta faɗa hannun Umaru Dallaji wajen 1807, gidan sarautar ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa shi a Maraɗi, kuma a yaƙin Gawakuke na 1836 aka kashe Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali. Ku san wannan tarihi, domin naku ne. Amma kada ku gaji gabar da masu ita suka daɗe da kwanciya. Littattafan nan sun shigo zaurukan malamanmu tun tuni, kuma gaskiyar da ke cikinsu ta duk wanda ya yi aiki da ita ce.

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ware masa. A madadinta ya roƙi abu biyar. Uku sun shafi wa'azi da mutuncin mabiyansa. Biyun da suka rage kuwa, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ɗana, ka lura da wannan zaɓi. Da ya karɓi zinariya ya raba, da gidaje kaɗan sun ci na 'yan watanni, an yabe shi an wuce. Sai ya nemi a ɗauke nauyin da ke hana dubban gidaje ciyar da kansu. Daga baya, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa hanyoyin da masu mulki ke bi su cinye dukiyar mutane, har ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa, da cin hancin alƙalai, da wawashe abin da mamaci ya bari.

Nasihata ta farko ke nan: kafin ka miƙa hannu da sadaka, ka janye shi daga abin da ba naka ba. Kada ka ce wannan ta sarakuna ce, kai ba ka mulkin kowa. Ranar da aka sa ka rubuta sunayen waɗanda za a ba taimakon abinci, ka zama mai mulki. Ranar da aka damƙa maka makullin bankin cimaka na gari, ko rabon takin zamani, ko mudun awo a kasuwa, ko gonar marayun wanka, ka zama mai mulki. Wanda ya goge sunan tsohuwa ya sa na surukinsa, sannan ya yanka rago ranar Juma'a ya raba, bai yi sadaka ba. Ya mayar da kaɗan ne daga abin da ya ƙwace, kuma ga wanda ba mai shi ba.

Ta biyu, ka yi aiki, ka yi tattali, domin mai hannu wofi ba ya taimakon kowa. Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji littafin Usulus Siyasa a kan tafiyar da mulki. A ciki ya sa wa shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya tabbatar kowane gari yana da su, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya kuma kwaɗaitar da mutane su nemi abinci su ajiye domin gaba. Ya sake rubuta Tanbihus Sahib a kan neman halali da darajar cin guminka. Mahaifinsa ma, ana ruwaito cewa igiya yake tufkawa ya sayar ya ci, duk da dukiyar da ke shiga baitulmali. Saboda haka idan kaka ta yi, kada ka kwashe rumbu ka kai kasuwa don bikin da za a manta cikin mako guda, ko don babur ɗin da ba ya kawo ko dala. Hatsin da ka sayar da arha a kaka, shi za ka saya da tsada a bazara, kuma a lokacin ba kai kaɗai za ka rasa ba, har da wanda ya sa rai gare ka.

Bari in kai ku nesa, ku ga wasu mutane da ba addininmu ɗaya ba, ba su taɓa jin sunan ƙasar Hausa ba, amma wahala ta koya musu darasin da ya yi kama da namu. Su ne Kiristocin Ingila da ake kira Furitan, masu neman tsarkake cocinsu daga abin da suke gani ƙari ne. Da aka matsa musu, sai suka tsallaka teku zuwa Amurka. Ayari na farko, mutum 102, ya sauka a Plymouth a ƙarshen 1620, kuma kafin sanyin shekarar ya wuce kusan rabinsu sun mutu. Gwamnansu William Bradford ya rubuta cewa an kai lokacin da masu lafiya ba su wuce shida ko bakwai ba, su ne masu ɗebo itace, su hura wuta, su dafa abinci, su wanke ƙazantar majinyata, ba tare da ƙyama ba. Da farko gona ɗaya suke nomawa gaba ɗaya, rumbu ɗaya. Sai aka ga aiki ya yi sanyi, kowa yana jiran wani. A 1623 aka yanka wa kowane gida gonarsa, abinci ya ƙaru. Kakanninmu sun san wannan ma'auni tun da can, shi ya sa suka ajiye gandu ga gida, gamana ga mai ita, gayya kuma ga wanda aiki ya fi ƙarfinsa.

A 1630 babban ayari ya biyo baya, jiragen ruwa 11 ɗauke da mutum wajen 700, a ƙarƙashin wani lauya mai suna John Winthrop, suka kafa garin Boston. Shi ne ya yi musu wa'azin nan da aka sani da A Model of Christian Charity, a kan yadda jinƙai ya kamata ya kasance tsakaninsu. Ya fara da cewa Allah ne ya yi wani mawadaci wani matalauci, domin kowa ya buƙaci ɗan'uwansa. Sannan ya kasa taimako gida uku: kyauta, da rance, da yafe bashi. Wanda yake da halin biya, a ranta masa bisa adalci. Wanda ba shi da hali, a ba shi kyauta, kada a ɗaura masa bashin da aka san ba zai iya saukewa ba. Wanda ranar biya ta zo masa hannu wofi, a yafe. Ya ƙara da cewa lokacin tsanani yana da hukuncinsa dabam: dole mai shi ya rage abin da ya wuce buƙatarsa don ya toshe buƙatar wani. Kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 200 suka mutu a cikinsu, saboda haka ba maganar fatar baki yake yi ba.

Duk ukun nan muna da su a Littafinmu, da ƙa'idodinsu a bayyane, kuma a kansu nake son in dakata.

Kyauta tana farawa da zakka, ita kuwa zakka haƙƙi ce da Allah ya yanka wa talaka a cikin dukiyarka. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, da sharhinta sun bayyana ta: idan amfanin gona ya kai wasƙi 5, wato sa'i 300, abin da ruwan sama ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. Mutanenmu sun sauƙaƙa lissafin: dami goma, a ware ɗaya. Inda ake kuskure shi ne wurin kai ta. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya mutum takwas da suka cancanta, ta fara da faƙirai da miskinai, ta kuma ambaci waɗanda bashi ya danne. Babu surukin da ke da rumbu uku a cikinsu, babu mai sarautar da kake neman fada a wurinsa. Ka ware damin a gona, kafin ya shiga rumbu zuciya ta saba da shi. Kada ka zaɓi wanda tsutsa ta ci. Ka kai shi da dare, ko ka aiki yaro mai riƙe baki, don kada mai karɓa ya sunkuyar da kai gobe idan kun haɗu a masallaci.

Kada kuma ka bar ciyayya ta mutu. Iyayenmu ba don nishaɗi suke fito da akushi ƙofar gida bayan magariba ba. Dabara ce ta rufin asiri. Mai gidan da ba a ɗora tukunya a gidansa ba yana zuwa ya zauna cikin 'yan'uwa, ya sa hannu kamar kowa, ba wanda ya tambaye shi ina nasa. Yau kowa ya shige ɗaki ya saki labule. An ce zumunta a ƙafa take. To, a cikin akushi ma take.

Rance kuwa, a nan ne garuruwanmu ke zubar da jini ba tare da an ga wuƙa ba. Ka bi sawun mutum guda. Hatsinsa ya ƙare ana tsakiyar noma. Ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samu abin da za a dama wa yara, ciyawa ta cinye tasa. Ya je wurin mai rumbu, aka ba shi tiya goma a kan zai biya ashirin da kaka. Kaka ta zo da ɗan abin da gonar ta bayar, ya biya bashi, ya sayar da saura lokacin da farashi ya fi faɗuwa don ya biya wasu buƙatu. Baɗi yunwarsa ta riga ta bana shigowa. Shekara ta uku ya jinginar da gona. Ta huɗu ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Libiya, ya bar mata da yara. Mai rumbun nan kuwa yana sahun farko kullum, yana ganin kasuwanci ya yi.

Ɗana, tiya goma a karɓi ashirin riba ce irin wadda Allah ya haramta, ko an sa mata suna taimako. Sayen gero yana tsaye a gona bai nuna ba, a farashin wulaƙanci, domin mai shi ya matsu, shari'a ta hana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, ta ce a rubuta, a kafa shaidu. Kafin ita kaɗan, aya ta 280 ta yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi. Idan za ka ranta, ka ranta tiya a mayar maka da tiya. Idan ka duba ka ga mutumin nan ba zai iya biya ba, ka ba shi rabin abin da ya roƙa kyauta, ya fi ka ba shi duka ka ɗaure shi. Idan gonar wani tana hannunka jingina, ka riga ka ci amfaninta fiye da kuɗinka, ka mayar masa. Kai kuma mai cin bashi, ka ji tsoron Allah: ranar da ka samu, ka biya kafin a tambaye ka. Duk wanda ya ci bashi ya murje ido, ya rufe ƙofa ne ga mabuƙata goma da ke bayansa.

Ku tambayi iyayenku labarin 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin gona a daminar 2004, amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, har buhun gero ya kai wajen jaka 30. Jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika da yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jiharmu. Mata suna jiƙa anza, suna tsinkar tafasa, motoci kuwa suna wucewa da buhuna. Kafin wannan an yi ta 1984, an yi ta 1973 zuwa 1974, kakanni kuma suna ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Ruwan sama na Allah ne, ba mu da iko a kansa. Farashi da ɓoye hatsi kuwa aikin hannun mutane ne, kuma za a tambaye su.

Mutanen Boston ɗin nan, a 1639, sun gurfanar da wani babban ɗan kasuwarsu, Robert Keayne, saboda ya tsawwala riba a kan kayan masarufi irin su ƙusa. Kotu ta ci shi tara mai nauyi, ya kuma tsaya gaban jama'ar cocinsa yana hawaye yana neman gafara. Limaminsu John Cotton ya hau mumbari ya rushe ra'ayin nan na cewa ɗan kasuwa yana da damar ya saya da iyakar arha ya sayar da iyakar tsada. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa saye a ɓoye abinci don a ƙuntata wa mutane haramun ne, har shugaba yana iya tilasta a fito da shi idan larura ta kai. Kasuwanci halal ne, ɗana, kuma ɗan kasuwan da ke kawo hatsi daga inda yake da yawa zuwa inda babu, alheri yake yi. Ka ci ribarka. Amma idan ka kama kanka kana murna don ruwa ya ɗauke, saboda buhunan da ka tara, ka yi maza ka buɗe ɗakin ajiyar nan, ka nemi gafarar Ubangijinka.

'Yata, wannan nasiha ba ta tsallake ki ba, hasali ma ku mata kun riga maza a wannan fage. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwar mace jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar. Abin da suka zo da shi na sadaka, hatsi ko zane ko man shanu, ga mabuƙata yake komawa. Su ne masu duba marar lafiya, masu wankan gawar mata, masu kwantar da rikicin gida. A zamaninmu kuma, a nan jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE: zubi kowane mako, asusu mai makulli, rance ga 'yar ƙungiya, da wani kaso da aka keɓe don rashin lafiya ko gobara. Daga ƙauyukanmu tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ki riƙe amanar asusun nan. Kada ki bar gasar biki ta cinye shi. Kuma ki waiwayi wadda ba ta da ko abin zubi, domin ita ce ta fi kowa buƙatar a tuna da ita. Kai kuma maigida, kada ka sa hannu a gamanar matarka ko akuyarta ba da yardarta ba. Sau da yawa su ne ke tsallakar da gida daga Agusta zuwa sabon gero.

Yanzu ga abu biyu masu ɗaci, waɗanda ba zan ɓoye muku ba.

Na farko, jinƙan Furitan ɗin can yana da shinge. Waɗanda suka rubuta kalmomi masu daɗi a kan ƙaunar juna, su ne a 1637 suka cinna wa ƙauyen ƙabilar Pequot wuta a Mystic, ɗaruruwan mutane suka hallaka, har da mata da yara. 'Yan asalin ƙasar da suka koya wa mutanen Plymouth shukar masara, jikokinsu sun rasa ƙasarsu. Ko a cikinsu, wanda ya saɓa musu fahimta, kamar Roger Williams da Anne Hutchinson, korarsa suka yi. Mu ma yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun cika ƙasar nan da kame da bauta, daga ɓangaren Sakkwato da Katsina da ɓangaren Maraɗi da Gobir baki ɗaya, talakan ƙauye ne abin kamawa. Kusa da mu kuma, a 1991, a Toda cikin jihar nan, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. Duk sa'ad da mutane suka ce jinƙai namu ne mu kaɗai, ƙarshen maganar jini ne. Bafulatanin da ke mashekari bayan gari maƙwabcinka ne. Buzun da ya sauka da raƙumansa baƙonka ne. Wanda yake salla a wancan masallaci, ɗan Izala ne ko ɗan ɗarika, yunwarsa irin taka ce, haka ma wanda ba ya salla sam. Kada ka noma burtali, kada ka hana rijiya. Kai ma makiyayi, kada ka saki dabba cikin gumin wani.

Na biyu, jama'a takan tsira daga yunwa, sannan wadata ta kashe ta. Mutanen Shehu sun yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, sun sha yunwa da ciwo, sun rasa mutum wajen 2,000 a Tsuntsuwa, duk ba su watse ba. Amma nasara na fara zuwa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya duba ya ga zukata sun juya ga muƙami da dawaki da tufafi da tara dukiya. Abin ya dame shi har wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam, kuma kukansa yana nan a cikin Tazyinul Waraƙat. Haka jikokin mutanen Boston: da jiragen fatauci suka yawaita, malamansu suka taru a 1679 suna kokawa a kan girman kai da kwaɗayin ƙasa da danniya a ciniki. Saboda haka ranar da na fi jin tsoro a kanka ita ce ranar da ka dawo daga cin rani da kuɗi, ka yi ginin siminti, ka sa ƙofar ƙarfe. Ka yi ginin, Allah ya sa albarka. Amma ka bar zaure a buɗe.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, saboda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Sayyidina Umar, a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu. Ba a nemi ku kai can ba a rana ɗaya. Ga abin da nake roƙonku a kakar bana. Kowace unguwa ta zauna da limaminta da mai unguwarta, a san gidajen marayu da tsofaffi da masu jinya tun kafin bazara. Bayan zakka, kowane mai hali ya ƙara dami ɗaya a rumbun unguwa, a sa mutum uku amintattu a kansa, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kada a buɗe sai noma ya kankama. Samari su ware safiya ɗaya a mako su yi gayya a gonar wanda ciwo ya kwantar, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda yake bin wani bashin da ya san ba zai fita ba, ya kira shi a keɓe ya ce na yafe. Wanda yake can Kano ko Agadas yana aiko kuɗi, ya sa kason maƙwabci a ciki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da fara da rowa. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu ranar da muka samu, ya rufa mana asiri ranar da muka rasa. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya yi muku albarka, ya sa ku fi mu. Amin.